Hannun Farko da Hannun Baya a Dutsen Dabus: Abin da Zanen Taro na Sinawa Zai Iya Nuna Mana

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Mano Dayak a Agadas yana iya ganin raƙuman dawan Dabus ba tare da ya taka hanyar Arlit ba. Kwafi ne na alminiyom, an zuba shi daga siffar da aka ɗauka a jikin dutsen a 1999, lokacin aikin da Jean Clottes da David Coulson suka tsaya a kansa. Namijin ya kai mita 5.4, ta macen tana kusa da shi, kuma kowane dabbare na jikinsu ya fito sarai. Aikin ya yi kyau, dalilinsa ma mai kyau ne, wato tsoron kada asalin ya lalace a rasa madadinsa. Sai dai kwafin ya ɗauko dabba biyu ne kawai, da ɗan abin da ke manne da su, daga wurin da tawagar Clottes ta ƙirga siffofi 828: dabbobi 704, mutane 61, rubutun Tifinag 17, sauran ba a tantance su ba. Shanu sun kusa rabin dabbobin da aka gane. Jiminai sun yi kunnen doki da raƙuman dawa wajen yawa. Amma ban taɓa jin baƙo ya ce zai je Dabus ganin jimina ba.

Wannan zaɓi yana da tushe a ilimi, kuma da tushen nake jayayya. Abokan aiki sun san labarin, ba sai an ja shi ba: tun zanen da Barth ya kwafa a Fezzan a 1850, kafin ya iso Agadas cikin Oktoban shekarar, har zuwa Monod (1932) da Lhote (1958, 1972), an saba jera zanen duwatsun Sahara zamani-zamani, daga na ɓauna da na masu zagayayyen kai, zuwa na shanu, na dawaki, na raƙuma. Muzzolini (1995) ya rage wa jerin shekaru masu yawa, kuma ya yi gaskiya a wurare da dama. Abin da bai gushe ba shi ne hukuncin da ke ɓoye cikin jerin, cewa tsani ne da ake sauka, ƙwarewa tana sama, lalacewa tana ƙasa. Mai wannan ra'ayi in ya tsaya gaban dutse, aikinsa tankaɗe ne. Ya ware tsohon hannu ya ajiye a matsayin gari, ya tura raƙumi da mahayinsa da haruffan Azbinawa gefe a matsayin dusa. Hotunan littattafai ma haka ake yanka su, a tsaya daidai inda babbar dabba ta ƙare.

Ina ganin wannan kuskure ne a ma'aunin abin da ake kira aiki guda. A wuri irin Dabus, fuskar dutsen da duk abin da ke kanta ita ce ta cancanci a fara karantawa, kafin a raba ta hannu-hannu. Kuma al'adar da ta fi kowace daɗewa tana tunani a kan yadda hannaye da yawa ke zama a fili ɗaya, a iya karatuna, ita ce ta masu zanen tawada na ƙasar Sin.

Tawadar Sinawa kunkunniya ce, yawanci ta itacen pine ko ta mai, a kwaɓa da danƙon fata a busar kamar sanda, sai a niƙa da ruwa a kan ɗan dutse lokacin aiki. Takardarsu tana shan ruwa nan take. Abin da burushi ya ajiye ya zauna ke nan, babu gogewa, babu rufewa da wani launi. A kan irin wannan takarda ne suka raya abin da suke kira hezuo, zanen da mutum biyu ko biyar ko fiye suke yi a falle ɗaya, sau da yawa a zaman hira na masana da suke kira yaji. Wani ya fara da tsuntsu, wani ya ba shi reshen da zai sauka, wani ya kafa dutse a ƙarƙashi, wani ya zuba gora ko fure. A ƙarshe wanda ya fi iya rubutu, ko wanda ya fi girma, ya rubuta a gefe wane ya yi kaza, wane ya ƙara kaza, kowa ya buga jan hatiminsa. Kalmar da suke sa wa aikin mai ƙarawa ita ce bu, kuma ita ce dai kalmarsu ta yi wa riga maho. Mai zuwa daga baya yana cike gurbi ne a abin da ya tarar, kuma da haka ake auna shi: ya ga inda fili ke neman hannu, ya kuma ga inda ya kamata a bar shi fari.

Ba wasan gefe ba ne a tarihinsu. Wang Hui (1632–1717), gwanin duwatsu da koguna, da amininsa Yun Shouping (1633–1690), gwanin furanni, sun bar ayyukan da suka yi tare. Wang Hui ɗin ne ya shugabanci masu zanen da suka yi naɗi 12 na rangadin Sarki Kangxi a kudu cikin shekarun 1690, inda wasu suka ɗauki mutane da dabbobi, wasu gidaje da jirage. A fadar Sarki Qianlong, Giuseppe Castiglione ɗan Italiya yakan zana fuskoki da dawaki, masu zanen fada su shimfiɗa musu ƙasa da tsaunuka. A 1955 masu zane 14, cikinsu har da Qi Baishi yana da shekara casa'in da ɗoriya, da He Xiangning, suka haɗu a kan babban zanen tattabaru da furanni da aka kai taron zaman lafiya na Helsinki. A 1959 Fu Baoshi da Guan Shanyue suka yi zanen tsaunuka mai mita 5.5 a tsaye da 9 a kwance domin Babban Zauren Jama'a na Bejin. Ko inda suna ɗaya ne a takarda, ba lallai hannu ɗaya ba ne. Sarki Huizong, wanda ake jingina wa zanen tsuntsaye ashirin dangin gauraka a saman ƙofar fada a 1112, yana da masu zanen fada da suke aiki da sunansa, kuma Cahill (1994) ya nuna yadda aron hannu ya zama ruwan dare har a tsakanin manyan da ake yi wa kirarin kaɗaitaka.

Da wannan ido na koma Dabus. Dutsen yashi ne, ƴan kilomita kaɗan daga kwalta, kuma raƙuman dawan suna kwance a kan wani gangare a sama, yadda wanda ke ƙasa ba ya ganinsu sai ya hau. Da rana tsaka kusan ba su da armashi. Sai rana ta karkata, inuwa ta shiga cikin tsagin, sannan wuya ya miƙe, ƙafafu su fito, ka ga an sassaƙa gefen jiki da zurfi, an kankare wasu wurare, an goge wasu har sun yi santsi. Daga bakin kowannensu wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Na daɗe a wurin ran nan, mai gadi yana zaune nesa kaɗan yana dafa shayi. Da na sauko ina zagayawa sai na lura ƙafata ta fi idona sanin hanya: duk inda dutse ya ba da fuska mai laushi, akwai saniya, ko barewa, ko jimina da dogayen ƙafafunta biyu kamar an kafa sanduna. Wasu tsagin sun yi baƙi kamar sauran dutsen, wasu da sauran haskensu. Wanda ya sassaƙa mai hasken ya tarar da mai baƙin a wurin. Ya gan shi, domin ba yadda za a yi ya zauna ya yi ta bugun dutse awa da awa a gefen abu bai gan shi ba.

Na ba wani abokin karatuna, masanin tonon kayan tarihi wanda ya fi ni sanin duwatsun Azbin nesa ba kusa ba, daftarin farko na wannan maƙala. Ya mayar mini da ita cike da jan biro, kuma mafi yawan abin da ya rage a nan amsa ce gare shi.

Sukarsa ta farko ita ce mafi nauyi. A ganinsa na ɗauki kalmar haɗin gwiwa na shimfiɗa ta har ta yage. Gayya tana da mai gayya, tana da rana, waɗanda suka zo sun san juna kuma sun san gonar wa suke nomewa. In an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ai hannayen a lokaci ɗaya suke ɗagawa. Masu zanen Sin da ke zagaye da tebur suna kallon juna, na farko ya bar fili da niyyar na biyu ya cike, na biyu ya nemi izni ko da da ido ne. A Dabus kuwa, ana yawan ba manyan raƙuman dawan shekara 6,000 zuwa 8,000, ko da yake wasu masana na ganin ba su kai haka ba, alhali raƙumin hawa bai yaɗu a Sahara ba sai wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Wanda ya sassaƙa raƙumin dawa bai bar wa mai raƙumin hawa fili ba. Bai san za a yi shi ba, ba harshensu ɗaya ba, wataƙila ko ruwan da suka sha ba na rijiya ɗaya ba ne, tunda na farko ya rayu lokacin da ƙasar ke da tafkuna. To ina haɗin gwiwar?

Amsar da na fara ba shi daga cikin al'adar Sinawan take, domin ita kanta ba ta tsaya a bakin tebur ba. A gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai naɗin dawaki da masu kiwonsu na gidan Zhao. Zhao Mengfu ya zana doki da mai kiwonsa a 1296. Ya rasu a 1322. A 1359 ɗansa Zhao Yong da jikansa Zhao Lin suka ƙara nasu dawakin a naɗin. Shekara 63 tsakanin hannun farko da na baya, kuma mai hannun farko ya shekara 37 a ƙasa. Ba a nemi izninsa ba, bai kuwa bar fili da wannan niyya ba, amma Sinawa suna kallon naɗin a matsayin abu guda na zuriya uku. Haka kuma duk wani tsohon naɗi mai daraja yake tafiya: a ɗinka masa sabuwar takarda a wutsiya, masu mallaka da masu kallo su yi ta rubuta sharhi suna buga hatimi ƙarni bayan ƙarni, har wani lokaci sharhin ya fi zanen tsawo. Ba su ɗauki rasuwar mai zane a matsayin rufe aiki ba.

Bai gamsu ba, kuma da ya faɗi dalili sai na ga ni ma bai kamata in gamsu ba. Shekara 63 a cikin gida ɗaya, da rubutu ɗaya, da ƙa'ida ɗaya ta riƙon burushi, ba a haɗa su da shekara dubu huɗu ko shida tsakanin al'ummomin da ba su gaji juna kai tsaye ba. Zhao Lin ya san wane ne kakansa, ya san abin da dokin ke nufi. Mai raƙumin Dabus yana iya ɗaukar tsohon zanen aikin aljannu ne ko na ƙattin farko. Azbinawa ma suna da labaran da ke jingina zanen duwatsu ga wani gwarzo na zamanin da. A nan dole in janye ƙafa. Ba zan iya cewa mutanen Dabus sun yi hezuo ba, kuma na cire wannan da'awa daga daftarin. Abin da shaida za ta iya ɗauka ya fi haka ƙanƙanta: hannun baya ya ga na farko, kuma ya yanke shawara a kan inda zai zauna game da shi. Niyyar tana gefe ɗaya kawai. Amma niyya ce, kuma ta bar sawu a dutse.

Sawun ana iya auna shi, shi ya sa nake ganin ragowar da'awar ta fi ta farkon amfani. Sabon zane yana iya hawa kan tsoho ya yanke shi. Yana iya raɓawa gefensa ya bi layin bayansa ba tare da ya taɓa shi ba. Yana iya shiga tsakanin ƙafafun babbar dabba, inda fili ya rage. Yana iya bin tsohon tsagi ya sake zurfafa shi, wanda shi ne mafi kusa da maho na Sinawa, kuma an san irinsa a wurare da dama na Sahara. Yana iya kuma barin fuskar gaba ɗaya ya koma wani dutse alhali akwai wuri. Masu jera zamani suna kula da na farkon nan ƙwarai, domin hawa kan juna shi ke gaya musu wanda ya riga wani. Sauran kuwa ba sa ba da kwanan wata, sai a wuce su. A nan nake ganin an yi asara. In aka tarar cewa a fuskar da ke da babbar tsohuwar dabba masu zuwa daga baya sun fi raɓawa fiye da hawa, to an sami shaida a kan yadda suka ɗauki abin da suka gada, kuma shaida ce da ba ta buƙatar mu san harshensu. In aka tarar akasin haka, ni ne na faɗi, kuma zan karɓa. Abin da idona ya gani a Dabus ya karkata ga raɓawa, amma ganin mai yawo da yamma ɗaya ba ƙidaya ba ne.

Akwai kuma wani haɗin hannu da ya fi kusa, wanda abokin nawa bai musa ba. Dabba mai mita 5.4, a kan gangare, da sassaƙa da kankara da guga, kuma bisa ra'ayin da ya fi yawa da kayan aikin dutse, da wuya a ce mutum ɗaya ne ya fara ya gama. Ko da gwani ɗaya ne ya ja layin farko, akwai masu kawo ruwa da yashin guga, akwai masu cike dabbare ɗaya bayan ɗaya. Layin nan da ke saukowa daga bakin raƙumin dawa zuwa ga mutum ana samunsa a wasu wurare masu nisa a Sahara, alamar ƙa'ida ce da mutane da yawa suka sani. A Iwelen, arewacin Azbin, inda Jean-Pierre Roset ya yi tono a shekarun 1980, mutane masu kai kamar buɗaɗɗen fure sun maimaitu a kan duwatsu da kamanni ɗaya, kusa da mazaunin da aka auna shekarunsa zuwa ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Inda ƙa'ida ta zauna haka, neman gwani guda da za a rataya wa aiki ɗabi'a ce da muka koya daga wani wuri.

Sukarsa ta biyu ta fito ne daga zuciyar mai tsaron kaya. In na ce hannun baya yana cikin aikin, me zan ce wa matafiyin da ya fito da wuƙa ya rubuta sunansa da shekara a wuyan raƙumin dawa? Shi ma ai ya ga na farko, ya kuma zaɓi wurin zama. Ya tuna mini cewa tsoron irin wannan ne ya sa aka ɗauki kwafin 1999, aka sa Dabus cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari na World Monuments Fund a 2000, aka ajiye masu gadi. Maganata, in ji shi, tana iya zama lasisi a hannun mai ɓarna.

Na ɗauki wannan da gaske. Amma al'adar da ta yarda da ƙari ita ce kuma ta fi tsanani wajen hukunta mummunan ƙari. Naɗin tsaunukan Fuchun na Huang Gongwang, wanda ya sa wa hannu a 1350, wani mai shi ya jefa shi wuta a 1650 don ya tafi da shi, aka fizge shi ya rabu biyu. Guntu ɗaya yana Hangzhou, ɗaya yana Taipei, ba su sake haɗuwa a zaure ɗaya ba sai 2011. Sarki Qianlong ya mallaki wani kwafinsa da ya ɗauka shi ne na asali, ya yi ta rubutu a cikinsa sama da sau hamsin, har ya cinye sararin sama da na ruwa da mai zane ya bari fari. Masana zanen Sin ba su yaba masa ba. Da yawansu na ganin sa'a ce da bai gane na gaskiyar ba. Ashe yarda cewa aiki a buɗe yake ba ta hana a ce wane ya ɓata. Ita ce ma take ba da ma'aunin faɗin haka, tunda tambayar ita ce ko ƙarin ya bar na farko ya ci gaba da numfashi. Da wannan ma'auni, rubutun Tifinag da aka jera a gefen dabba, irin wanda yakan fara da awa nak, wato "ni ne wane", ya fi kama da sharhin wutsiyar naɗi, suna da wuƙa a tsakiyar wuya kuwa ya fi na Qianlong muni. Game da yau, dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan gado ta rufe ƙofa, kuma ina goyon bayan rufewar ba tare da wani sharaɗi ba. Sinawa ma ba sa barin kowa ya buga hatimi a naɗin da ya shiga gidan tarihi. Inda ban iya ba abokina amsa mai tsabta ba shi ne wace shekara ce iyaka, wane raƙumi ne na ƙarshe da za a kira gado. Duk layin da aka ja, hukuma ce ta ja shi, ba dutsen ba.

Sai ya zo kan abin da na san zai zo: me ya kai ni Sin? Ya tuna mini yadda Lhote ya riƙa hango Masar a duwatsun Tassili, har wasu matasa daga cikin masu kwafe na tawagarsa suka ƙirƙiro mata masu kan tsuntsu irin na Fir'aunoni, siffofin suka shiga littafinsa na 1958 kafin a gane a cire su daga bugun baya. Duk lokacin da aka rasa bayanin abin Afirka, sai a tafi wata ƙasa a aro. Tsoronsa kada in zama na maye Masar da Sin.

Bambancin, a ganina, shi ne Lhote yana da'awar asali, cewa wani ya zo daga can ya koyar. Ni ban ce ko tsinke ya taso daga Sin zuwa Azbin ba. Na ari tambaya ce, kuma na are ta daga inda aka rubuta ta dalla-dalla shekaru ɗaruruwa. Amma sukar ta sa na duba gida, na kuma ga cewa da can ya kamata in fara. A wani zaure a tsohon garin Agadas na zauna kusa da wani alaramma yana rubutun Alƙur'ani da ka. Falle-falle yake yi, da alƙalamin kara, da baƙar tawadar da ba ta kankaruwa, kuma baƙin kawai yake sawa. Yana rubutu yana barin sarari a sama da ƙasan kowane layi, da wani fili a gefe inda ba ya taɓawa. In falle ya bushe sai ya miƙa wa babban almajirinsa, shi kuma ya bi da ja yana sa wasali, ya ɗiga rawaya a gurbin hamza. Filin gefen na mai zayyana ne, wanda zai zo ya yi alamar hizifi da rubu'i da sumuni. Bayan an gama wasu mahaddata za su duba. Na tambayi almajirin abin da ya fi wuya, ya ce kada jan ya taɓa baƙin. Ba ina kwatanta Littafin Allah da siffar dabba ba ne, Allah Ya kiyaye. Tsarin aikin hannu nake nufi. Kuma duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan fiƙihu na malamanmu ya san hashiya, da fassarar ajami da wani ɗalibi ya cusa tsakanin layuka shekara hamsin bayan marubuci, ba wanda yake kiran wannan ɓarna. Har hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, da aka gina a farkon ƙarni na 16 aka sake ta a 1844, yaɓen hannayen baya ne ya kawo ta 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin a jerinta.

Wuri ɗaya kwatancen ya karye gaba ɗaya, kuma gara in nuna shi da kaina. Rabin al'adar Sinawa zanen ƙasa ne, abin da suke kira shanshui, dutse da ruwa. Tsuntsunsu yana bukatar wani ya ba shi reshe ko gaɓar kogi. A Dabus babu mai zana tsauni, babu kogi, babu layin da ke nuna ƙasa. Jimina tana tsaye a kan ba komai. Takardar Sinawa tana da baki huɗu, kowa ya san inda fili ya ƙare. Dutse kuwa yana da tsagewa da lanƙwasa da gefen da rana ke bugu da safe, kuma ba a san ko abin da muke kira fuska ɗaya su ma haka suka gan shi ba. Ina zaton aikin da mai zanen tsauni ke yi a Sin, a nan dutsen da kansa da kwarin da ke gabansa ne suke yin sa, amma zato ne, ba zan gina komai a kansa ba.

Abin da nake nema a aikace kaɗan ne. Duk wanda zai sake rubuta bayanin wani wuri a Azbin, ko daga cibiyar IRSH ta Yamai ko daga Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, ya ɗauki hoton fuskar dutse cikakkiya kafin ya matso kusa, ya kuma ƙara shafi ɗaya a takardar ƙidayarsa: ga kowace siffa, me ta tarar, kuma ta hau shi ne, ta raɓe shi, ta shiga cikinsa, ko ta sabunta shi. A fara da jiminai. Suna da yawa yadda ƙidaya za ta yi ma'ana, kuma ba a taɓa ɗaukarsu gwanintar da za a yanko a kai filin jirgi ba, don haka suna nan cikin maƙwabtansu. Raƙumin dawa ya bar Azbin tun da daɗewa. Na Nijar sun ragu zuwa kimanin 50 a yankin Kure a 1996 kafin su farfaɗo, har aka mayar da takwas Gadabeji a 2018. Jimina kuwa tana yawo a kwarurukan Azbin har farkon shekarun 1990, lokacin da rikicin tawaye ya kusa ƙarar da ita, ƴan da suka rage aka killace su a Iferwan. Ke nan mai sassaƙa na zamanin shanu da mai raƙumin da ya zo bayansa da dubban shekaru, da dattijon da ke gadi a yau, duka sun ga tsuntsuwa ɗaya da idonsu. In akwai siffar da za ta nuna yadda hannun baya ya zauna kusa da na farko alhali abu ɗaya suke zanawa, ita ce.